Ina Ƙwanjin 'Yan Dako Yake Tafiya?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano tsakanin kaka da rani, ya ratse a Tashar Yari ya shiga Makarfi lokacin saran rake, ya san mutanen da ake magana a kansu a nan. Samari ne da magidanta, ana ɗora musu ɗaurin rake a ka ko a kafaɗa, su miƙa shi bayan babbar mota, su dawo su ɗauki wani, tun hantsi har la'asar. A Ikara kwandunan tumatir ne da buhunan masara, a ƙauyukan Kudan kuwa duka ana yi. A gefen wurin lodi ba a cika rasa dattijo ɗaya ko biyu ba, waɗanda har yanzu ake kira da laƙabin da suka samu a wannan aiki shekaru talatin da suka wuce. Ana ba da labarin mutum a gabansa, cewa shi kaɗai yake saɓa buhun da yanzu sai an kama wa yaro. Idan ka dubi damtsensa sai ka ga fata ta saki, tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa.

Mutane suna da amsoshinsu a kan wannan. Mafi yawa za su ce tsufa ne, su rufe magana. A fagen dambe da kokawa, inda ake jingina ƙarfi da layu da wanka da shaye-shayen saiwoyi, akan ce asirin ne ya karye, ko kuma maganin ne ya juyo yana cin mai shi. Samarin da suke ɗaga ƙarfe kuma suna da tasu: wai ranar da ka daina, tsokar za ta narke ta koma teɓa. Ta farkon gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Ta ƙarshen kuwa kuskure ce, domin tsoka da kitse halittu ne daban, ɗaya ba ya rikiɗa ya zama ɗaya. Tsokar ce take raguwa, kitse kuma ya taru, tun da cin bai ragu ba aikin ya ragu. Abin da binciken shekaru hamsin da suka gabata ya nuna shi ne raguwar ƙarfin majiyi ƙarfi kashi biyu ce. Akwai kashin da babu mai tsayar da shi, akwai kuma wanda zama da ciwo da abinci suke kawowa. Wannan na biyun yana da tarihi, kuma tarihinsa a ƙasarmu ya bambanta da na Turai.

Ɗaga nauyi a wannan yanki ya daɗe kafin a san ƙarfen motsa jiki. Tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau ta bi ta Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, ta gangaro kudu ta wannan ƙasa. Jakuna da takarkarai suna ɗauka, amma kaya mai yawa a kan mutum yake tafiya, bisa gammo. Da Turawa suka zo sai suka mai da dako aikin gwamnati, suka ƙayyade kayan ɗan alaro a kan kimanin fam 60, wato kilo 27, a yi ta tafiya da shi kwana da kwanaki. Masu ɗaukar hajarsu ta kansu sukan zarce haka nesa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layinsa kuma ya ratsa wannan yanki, shi ya sa ake da Gimi Tasha ban da Gimi ta asali. Za a zaci jirgi zai kashe dako. Abin da ya yi shi ne ya canja masa kama: doguwar tafiya da matsakaicin kaya ta koma gajeriyar tafiya da kaya mai tsananin nauyi. Cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, aka shiga zamanin buhu. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ɗaya takan ci buhu kusan 15,000, babu injin da ya gina ta. Leburori ne suke hawa da buhu a wuya, kowane buhu ya kai nauyin babban mutum, har su kai ƙololuwa. Dalar ta ɓace a shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, kuma an yi rubuce-rubuce da yawa a kan attajiran da suka mallake ta da kuɗin da ta kawo wa Jihar Arewa. A kan bayan waɗanda suka ɗauke ta, da yadda suka tsufa, kusan ba a rubuta kome ba.

Rake ma haka. Ana danganta fara matsar rake da inji a ƙasar Zazzau da zaman 'yan mishan a Gimi a farkon ƙarni na 20, daga nan sana'ar mazarƙwaila ta bazu a fadamun Makarfi da Kudan. Doki ne yake juya injin, amma mutum ne yake sara, ya ɗaure, ya ɗauko daga fadama zuwa tudu. Sai kuma garma, wadda ita ce ainihin ƙarfen Bahaushe. Sarautar Sarkin Noma da gasar huɗa a gayya, da kiɗan da ake yi wa manoma, duk shaida ce ta yadda al'umma ta daraja ƙwanji. Ta san yadda ake yaba shi yana tashe. Abin da ba ta tanada ba shi ne bayanin inda yake tafiya.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa an yi wani ɗan kokawa Bagirke mai suna Milo, mutumin Kuroton a kudancin Italiya ta yau, wanda ya ci gasar Olamfik sau shida. Shi ne ake ba da labarin yana saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi. Marubucin Rum, Cicero, ya kawo labarinsa a wani littafi da ya rubuta kan tsufa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa: Milo ya tsufa, ya ga samari suna atisaye, ya dubi hannuwansa ya fashe da kuka. Cicero bai tausaya masa ba, ya ɗauke shi wawa da ya jingina darajarsa da jiki. Wannan ra'ayi, cewa ramar tsoho abu ne da hikima ta ce a karɓa a yi shiru, ya zauna a likitanci kusan shekara dubu biyu. Likitan ƙwaƙwalwa na Ingila Macdonald Critchley ya bayyana lotsawar tsokar hannu da ƙafa ta tsofaffi a 1931, amma ba a ɗauki abin a matsayin fagen bincike ba. Sai a 1988, a wani taro a Albuquerque ta Amurka, Irwin Rosenberg na Jami'ar Tufts ya ce abin ba zai samu kulawa ba sai an raɗa masa suna. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, nama da talauci, ya kira shi sarkofeniya. Da Hausa, talaucin tsoka ke nan. Sai a 2016 aka ba shi lamba a kundin cututtukan da asibitocin Amurka suke aiki da shi.

A wannan shekara ta 1988 ne kuma wani likita a Suwidin, Jan Lexell, da abokan aikinsa suka buga binciken da har yau ake komawa gare shi. Sun yanka tsokar gefen cinya gaba ɗayanta daga gawarwakin maza 43, masu shekara 15 zuwa 83, waɗanda suke lafiya lau kafin mutuwar farat ɗaya ta same su, suka ƙirga zaruruwan da ke ciki. Tsoka tamkar igiya take, an tufka ta da dubban ɗaruruwan zare. Suka tarar raguwar takan fara tun wajen shekara 25, a hankali yadda ba a lura, ta kai kimanin kashi 10 cikin 100 a shekara 50, daga nan ta ƙara gudu. Tsakanin shekara 20 da 80, kaurin tsokar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Babban dalilin kuma shi ne yawan zaren kansa ya ragu. Wasu sun siranta, amma da yawa sun tafi ɗungurungum.

Me ke kashe zare? A nan dole a yi hattara da kalmar jijiya, domin a Hausa ta haɗa abu uku: hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wayar da take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ta ukun ake nufi. Kowane zaren tsoka yana ƙarƙashin umarnin wata ƙwayar jijiya da take zaune a cikin laka, kuma ƙwaya ɗaya takan riƙe ɗaruruwan zare, kamar mai gayya da mutanensa. Alan McComas da abokan aikinsa a 1973, da kuma Tomlinson da Irving da suka ƙirga waɗannan ƙwayoyi a lakar gawarwaki a 1977, sun nuna cewa adadinsu yana nan daram har wajen shekara 60, daga nan ya fara zubewa, har a wasu tsofaffin ya koma rabi. Idan ƙwaya ta mutu, zaruruwanta sun zama marayu. Maƙwabciyarta takan miƙo reshe ta ɗauki riƙon wasu, waɗanda ba su samu mai riƙo ba kuwa su shanye, kitse da tabo su maye gurbinsu. Jiki ba ya ƙera sabuwar ƙwaya a madadin wadda ta mutu.

Akwai wani abu a cikin wannan riƙo da ya shafi majiya ƙarfi kai tsaye. Zaren tsoka iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai jimiri, wanda ba ya gajiya da wuri amma ba shi da fizga, shi ne na doguwar tafiya. Akwai mai fizga, mai kauri, mai saurin gajiya, shi ne yake cira buhu daga ƙasa zuwa kafaɗa, shi ne yake kai naushi, shi ne yake ɗaga abokin kokawa. Tsufa ya fi cin na biyun. Shi ne yake fara sirancewa, kuma idan ya zama maraya, sau da yawa jijiyar masu jimiri ce take ɗaukarsa, sai ya koma halinta. Wannan ne ya sa za ka ga dattijo ɗan shekara 70 ya taka daga ƙauyensu zuwa kasuwar Makarfi ya dawo, amma tsallake kwata ya gagare shi, in ya yi tuntuɓe kuma ƙafar ba ta fitowa da saurin da za ta tare shi. Fizga tana riga ƙarfi tafiya, ƙarfi kuma yana riga kauri. A bayan waɗannan akwai wasu ƙananan dalilai da suke taruwa: ƙwayoyin gyaran tsoka, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961, suna raguwa, sinadarin mazakuta na testosteron yana sauka da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara tun daga tsakiyar rayuwa, ga kuma ɗan kumburin cikin jiki da ke ƙaruwa da shekaru.

To, wanda bai taɓa ajiye ƙarfe ba fa? An gwada. A 2002 Stephen Pearson da abokan aikinsa a Landan suka auna ƙwararrun 'yan ɗaga ƙarfe masu shekara 40 zuwa 87, waɗanda har lokacin suke shiga gasa, suka kwatanta su da tsararrakinsu masu lafiya da ba sa atisaye. Fizgar ƙafar ɓangarorin biyu tana sauka da gudu kusan ɗaya, kashi 1 da 'yan kai cikin 100 a shekara. Ke nan ƙarfe bai tsayar da agogo ba. Amma 'yan ƙarfen sun fi sauran da kimanin kashi 35 cikin 100 a kowane mataki, har ɗan shekara 85 a cikinsu ya yi daidai da ɗan shekara 65 a cikin waɗanda ba sa yi. Ratar shekara ashirin ke nan. Gangaren ɗaya ne, sai dai wani daga kan dutse ya faro, wani daga kan juji. Kuma tun da akwai wani layi da in ƙarfin cinya ya sauka ƙasa da shi mutum ba ya iya tashi daga tsugune sai an kama shi, wannan rata ita ce take raba wanda zai kai kansa bayan gida da masallaci har ƙarshen rayuwarsa da wanda za a riƙa ɗauka.

Idan haka ne, ya kamata tsofaffin 'yan dakonmu su fi kowa ƙwari. Sau da yawa ba haka ake gani ba, kuma a nan ne tarihin wurin yake shigowa.

Da farko, aikin ƙarfi da atisayen ƙarfi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake dukansu ɗaga nauyi ne. Mai atisaye yana ɗagawa na awa ɗaya, ya huta kwana biyu, ya ci ya ƙoshi, ya ƙara nauyi sannu a hankali, in wani wuri ya yi ciwo ya sassauta. Ɗan dako yana ɗagawa wuni guda, kullum, da nauyin da mai kaya ya ga dama, kuma ranar da bai fita ba babu cefane. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, shi kuwa ba shi da hutun. Abin da yake fara lalacewa a jikinsa galibi gaɓoɓi ne: guringuntsin gwiwa, da ƙashin baya, da kafaɗa, da wuya. Wasu kuma gwaiwa ce take saukar musu. Ciwon gwiwa yana da wata illa ta musamman, domin gaɓar da ta kumbura takan hana ƙwaƙwalwa aika cikakken umarni ga tsokar cinya, sai cinyar ta rame ko da mutum yana tafiya. Saboda haka ɗan dako ba ya saukowa a hankali kamar 'yan ƙarfen Landan. Yana kan ganiyarsa, sai wata rana baya ya riƙe, daga nan ya koma zama gaba ɗaya yana ɗan shekara arba'in da wani abu.

Na biyu shi ne tsarin gida. A gandu, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana shi bayan zamansa a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, uba ne mai gona da rumbu, 'ya'ya da ƙanne ne masu aiki. Alamar cewa mutum ya yi arzikin 'ya'ya ita ce a karɓe masa garma. Har yau abin kunya ne a ga dattijo da kaya a ka alhali yana da samari a gida, kuma yaron da ya ga tsoho ɗauke da buhu bai karɓa ba, an san irin tarbiyyarsa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai so ta gushe. Sai dai a ganina tana da farashi da ba mu cika lissafawa ba. Idan aka ce, "Baba, ka huta, mun ɗauke maka," aka karɓe garma, aka karɓe guga, aka kawo buta har gabansa, aka ɗauke shi a babur zuwa masallacin da bai fi taku ɗari biyu ba, to an cire wa zaren fizga duk wani dalilin zama. Tsoka tana da tsada ga jiki, tana cin abinci ko tana aiki ko ba ta yi, kuma jiki ba ya ciyar da abin da ba a amfani da shi. Haka abin yake ga iyayenmu mata, waɗanda daka da surfe da ɗiban ruwa suka gina wa damtse, sannan surukai da injin niƙa suka karɓe aikin a daidai shekarun da ɗaukewar al'ada take rage musu ƙashi da tsoka.

Na uku shi ne kwanciya. A 2007 Patrick Kortebein da abokan aikinsa a Amurka suka kwantar da tsofaffi masu lafiya, matsakaicin shekarunsu 67, a gado na kwana goma, ana ba su isasshen abinci. Sun tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. A wani gwaji makamancinsa, matasa sun yi kwana 28 a kwance ba su rasa rabin haka ba. Matashi yakan mayar da abin da ya rasa cikin 'yan makonni, tsoho kuwa sau da yawa ba ya mayarwa duka. A lissafa wannan da rayuwar dattijo a Kudan ko Ikara: zazzaɓin cizon sauro da damina, taifot, aikin gwaiwa, karaya, ciwon sukari da ba a gano da wuri ba. Kowace kwanciya tana cire wani abu. Shi ya sa iyali sukan ce, tun ciwon bara bai koma daidai ba. Lurarsu daidai ce. Raguwar takan zo ne kamar saukar matakala, kuma kowace jinya taki ɗaya ce.

Sai abinci, wanda a kansa wannan yanki yake da shaida ta kusa. A 1966 da 1967 David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi diddigin aikin gona a ƙauyuka uku, Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka, wadda take kan hanyar Kano a ƙasar Kudan ta yau. Ya nuna cewa aiki ya fi tsanani a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai, wato daidai lokacin da rumbu yake yin ƙasa. Bayansa Emmy Simmons ta auna abin da ake ci a gidajen waɗannan ƙauyuka daga 1970 zuwa 1971, kuma hoton da ya fito shi ne wanda kowa ya sani: hatsi ne ginshiƙi, daga gare shi mafi yawan kuzari da sinadarin gina jiki suke fitowa, nama kuwa ɗan kaɗan ne.

Matashi yana iya gina ƙwanji a kan tuwon dawa, domin yana cin malmala uku, jikinsa kuma yana amsa ɗan abin da ya samu. Tsokar tsoho ta zama mai nauyin ji. Wani nazari da Daniel Moore da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya nuna cewa matashi yana buƙatar kimanin giram 0.24 na furotin mai kyau a kan kowane kilo na nauyinsa a ci ɗaya domin tsoka ta kama gini sosai, tsoho kuwa sai kimanin 0.40. Ga mai nauyin kilo 60, giram 14 ke nan da giram 24, kuma ƙwai ɗaya giram 6 ne. A dubi abin da dattijo yake ci: koko da safe, fura ko ɗan ɗumame da rana, tuwo da miyar kuka da dare, shi ma kaɗan, tun da sha'awar abinci ta ragu. Haƙora sun zube, nama da ƙuli-ƙuli sun gagara. Furotin ɗin dawa kuma yana da wuyar narkewa, ga shi ya gaza a wani sinadari da wake yake da shi a wadace. Buƙata ta hau, ci ya sauka. Abin da zai cike giɓin yana nan a kasuwannin yankin, kuma mai laushi ne: wake da alale da ƙosai, awara, nono da kindirmo, ƙwai, dakakken kifi a miya. Masana sun ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo a wuni ga tsoho mai lafiya, a rarraba shi a ci uku. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai bai kamata ya ƙara ba sai da izinin likita.

Tambayar da ta rage ita ce ko abin da ya tafi yana dawowa. Har zuwa shekarun 1980 likitoci suna hana tsofaffi ɗaga nauyi, don tsoron zuciya da karaya, duk da cewa tun 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna cewa ƙara nauyi mataki-mataki yana farfaɗo da ƙafafun sojojin da suka ji rauni. A 1990 Maria Fiatarone ta gwada hanyarsa a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, a kan mutum goma masu shekara 86 zuwa 96, masu rauni da cututtuka iri-iri. Sau uku a mako suna ɗaga nauyi da ƙafa, na mako takwas. Tara suka kammala. Ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, kaurinta kuma da kashi 9 kacal. Bambancin lambobin nan biyu yana da ma'ana: mafi yawan ribar daga jijiya ta zo, wadda ta sake koyon kiran zaruruwan da suka rage, su kuma suka ɗan yi kauri. Waɗanda suka mutu ba su dawo ba. Da aka dakatar da atisayen na mako huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya sake zubewa.

Wannan bincike bai ce a mayar da dattijo lodin rake ba. Nauyin da ake nufi shi ne wanda zai iya ɗagawa sau takwas ko goma kafin ya gaji, sau biyu ko uku a mako, ba tare da ya taɓa gaɓar da take ciwo ba: tashi da zama daga kujera, hawa dakali da sauka, ɗaukar jarkar ruwa rabi, ɗan noman bayan gida. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Tafiya kaɗai tana da amfani ga zuciya, amma ba ta kiran zaren fizga.

Yanzu zamani yana sake juyawa. Babur mai ƙafa uku da baro da tarakta da maganin feshi sun rage aikin da ya gina jikin kakanni, kuma babu mai kukan rashin wahalar. Amma yaron da ya taso a kan babur zai shiga shekara hamsin da ajiyar da ba ta kai ta kakansa ba. A gefe guda kuma ga samari a Zariya da garuruwan kewaye suna zuba siminti a gwangwanaye, su soka ƙarfe a tsakiya, suna ɗagawa a lungu da yamma. Suna kan hanya mai kyau in za su dawwama, kuma in za su kula da cinya da baya kamar yadda suke kula da ƙirji da damtse. Masu yin allurar ƙara tsoka ne suke cikin haɗari, domin tana sa jiki ya daina ƙera nasa sinadarin, ranar da aka bari kuma tsokar ta faɗi da sauri, a bar mutum da lalatacciyar zuciya ko hanta. A kansu kaɗai ne maganar nan ta cewa magani yana juyowa ya ci mai shi take da gindi.

Gano matsalar da wuri ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Wani babban bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Ƙwararrun Turai da suka sabunta ma'aunin sarkofeniya a 2018 sun sa ƙarfi a gaba da kauri, suka kuma amince da gwajin da kowane ƙaramin asibiti a Ikara ko Hunkuyi zai iya yi: a zaunar da dattijo a kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar ba tare da ya dafa ba. Idan ya wuce daƙiƙa 15, lokacin fara atisaye da duba kwanon abincinsa ya yi.